Mai Cin Naman Ƙarya

Ana dab da magariba Autar Baba ta koma ɗakin gwaji ɗaukar wayar da ta manta.

Aikinta a asibitin nan aiki ne na tashin zuciya. Takan kwaɓa farin ƙwai da wani gari mai yauƙi, ta zuba a mazubi, ya daskare ya fito sak ƙullutun naman da ke ƙasan mafitsarar maza, wanda kan kumbura wa tsofaffi. A kan wannan naman ƙarya likitoci ke gwada hasken leza, su ga iya inda zafinsa zai dafa kafin su taɓa mutum. Ƙa'ida ita ce a kai ragowar wurin ƙona shara. Amma Auta da son jiki! Sai ta marmashe shi a magudanar ƙasa, ta bi shi da tafasasshen ruwa, ko bisimilla babu.

Gobe kuwa mahaifinta za a yi wa aikin. Yana kwance a ɗakin da ke sama.

Tana tura ƙofa wari ya tare ta. Ƙarnin ruɓaɓɓen ƙwai, haɗe da ɗoyin tsohon miki. Ta toshe hanci da mayafi, yawu ya cika mata baki.

Naman ƙarya na ƙarshe da ta kwaɓa da rana yana kan tebur. An gutsure gefensa. Ga sawun haƙora ƙanana, reras, ga wani yawu mai kauri yana ɗiga ƙasa.

Sai ta ji tanɗar baki daga magudana.

Murfin ƙarfen ya ɗaga a hankali. Wani harshe fari fat, mai santsi kamar majina, ya zuro, yana lasar tayil.

"Yarinya," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, "kin ƙona ni da ruwa, na yafe, tunda kina ciyar da ni. Amma abincinki ba jini."

Ta ja da baya, muryar ta ci gaba.

"Na ji gobe za ku dafa na gaske. Na tsohon nan na sama. Bututuna ya kai can."

"Ka bar min Babana," ta ce.

"To me zan ci?"

Harshen ya naɗe mata idon sawu. Sanyi ƙalau, ga yauƙi.

Ta wawuri allura a tebur, ta caki yatsarta, ta matse jinin a kan naman ƙaryar, ta wurga masa.

Ya sake ta. Ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, tana jin cakwal-cakwal ɗin taunarsa a bayanta. A bakin matakala ta durƙusa ta amayar da duk abin da ke cikinta.

An yi wa Baba aiki lafiya. Ya warke sumul, fitsari ba wahala, har ya koma zolayar mutane.

Ita kuwa Auta ta daina cin ƙwai, ta daina karɓar hutu. Kullum magariba tana ɗakin gwaji, tana kwaɓa guda na daban.

Rannan Baba ya kama hannunta, ya ga filasta a duk yatsun.

"Ke Auta, ni aka yi wa aiki, ke kike ramewa? Ki bar aikin nan haka."

Ta yi murmushin yaƙe, ta zare hannunta.

"Baba, bari in je. An kusa kiran salla."