Awa Goma Sha Biyar

Ranar Talata ce Juwairiyya ta jefa wa mijinta fasfo a ƙirji, a tsakar gidansu na Azare, da cikin wata huɗu a jikinta.

"Tafi Maleshiya, Malam Najmuddeen! Tafi ka ɗauko digirinka na uku!"

"Haba Juwairata, awa goma sha biyar ne fa a sama. Kuala Lumpur zuwa Alƙahira, Alƙahira zuwa Kano. Na lissafa."

Malamin lissafi ne. Bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ko a gaban allo.

"Kilomita nawa?"

"Dubu goma da ɗoriya."

"To ka ce da nisa! Ban hana ka ba... bakinka kawai nake so ya faɗa."

"Babu nisa. Ki kira ni da hantsi, gobe war haka ina gabanki."

Ta dube shi, idanunta jawur.

"Don kai na ɓata da yayata Adda. Ta ce mai littafi ba ya riƙe mace, na ce ƙarya ne."

Ya ɗauki fasfonsa ya kaɗe ƙura. Bayan ya tafi, kullum suna waya, kullum sai ta tambaya, "Da nisa?" Shi kuma ya yi dariya ya ce babu.

Bayan wata biyar Adda, babbar yayarta, ta kira shi.

"Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ka zo da awa sha biyar ɗinka."

Lissafinsa bai san babu kujera a jirgi sai washegari ba. Bai san zaman jira na awa tara a Alƙahira ba. A nan, kan benci, wayar Ladan wanta ta same shi.

"Sai haƙuri. An tafi da ita gida Katagum, bayan azahar za a yi sallah."

"Yaya Ladan, don girman Allah ku jira ni! Gobe kawai!"

"A bar ta kwance a wannan zafin? Mu ba ma ajiye gawa tana jiran jirgi, Malam. Kai ma ka sani."

Ya sani. Shi da kansa ya sha karanta wa mutane hukuncin gaggauta jana'iza.

Daga Kano ya shiga motar haya, ta tsaya shan mai, ta tsaya sauke buhuna. Awa arba'in da uku cif bayan kiran Adda ya isa Katagum.

Adda ta miƙo masa jaririya ba tare da ta dube shi ba.

"Har ta daina magana tana tambayar ƙarfe nawa."

Ladan ya raka shi maƙabarta, ya nuna masa tudun da ƙasarsa ba ta gama bushewa ba, ya ja baya.

Najmuddeen ya durƙusa. Ya kasa addu'ar da ya haddace tun yana yaro. Magana ɗaya ce ta zo masa, wadda ta roƙa wata biyar bai ba ta ba.

Ke ce da gaskiya, Juwaira. Da nisa.