Sunaye Tara da Malama Ilinca Ta Ƙi Sokewa

Tanti Veta na yanka tuwon masara da zare, sai fizgar zaren take kamar shi ya yi mata laifi. Duk ƙauyenmu mun san ta, in ta tashi faɗa har karnukan maƙwabta shiru suke yi.

"Huɗu da ɗigo takwas!" ta daka wa ɗanta Traian tsawa. "Cikin goma fa! Makin ajin budurwar taka ke nan a jarrabawar ƙasa, yana can manne a ƙofar makaranta ana ta dariya. 'Yan makarantar ƙetaren rafi bakwai suka samu. Wannan ce zan ɗauki ƙafa ranar Lahadi in je nema maka?"

"Haba Mama, kusan shekara biyu yaran nan suna gida saboda korona..."

"Su na ƙetaren rafin a wata duniyar suka yi tasu koronar? Rufe min baki!"

Ana cikin haka Ilinca ta shigo, malamar da ake magana a kanta, riƙe da kwalbar zuma. Ta gaishe ta cikin ladabi.

"Riƙe gaisuwarki! Kin kashe 'ya'yan mutane da zama, yanzu jikokina kike so ki mayar daƙiƙai? Kalli Crina," ta nuna autarta, "da ƙyar ta tsira da biyar. Da a ƙetaren rafi take da tuni ta ci tara!"

Idon Ilinca ya cika da hawaye. Wallahi tana da amsa, amma ta haɗiye abarta, don ba ta son tona yarinya a gaban uwarta.

"Ki yi haƙuri, Tanti," kawai ta ce.

Traian ya miƙe. "Mama, ni fa ita nake so—"

"To zaɓi! Ko ni ko ita!"

Sai ji aka yi cokali ya daki tebur. Crina ce.

"Da a ƙetaren rafi nake, Mama, da ko ƙofar ɗakin jarrabawar ban gani ba!"

"Ke, da wa kike?"

"Da ke! Su ashirin da shida ne a ajinsu, sha uku kawai aka bari suka zauna. Sauran an kayar da su tun kafin jarrabawa don kada su ja makin makaranta ƙasa. Mu ma hedimasta ya rubuta sunaye tara ya ba Malama ta kayar. Da idona na ga takardar a teburinta, sunana ne na farko!"

"Crina, ya isa," Ilinca ta ce a hankali.

"Bai isa ba! Lokacin da ake darasi ta waya ina nake? Ba ke kika ce tunda an rufe makaranta in bi awaki ba? Na koma aji ko lissafin rabawa ban iya ba! Malama ce ta ƙi sa hannu, ta zauna da mu tara kullum bayan an tashi, wata bakwai cur. Ɗaya na ci a gwajin farko, yanzu biyar. Mu muka ja makin ƙasa, Mama. Ni ce huɗu da ɗigo takwas ɗin da kike zagi!"

Zaren ya suɓuce daga hannun Tanti Veta. Ta dubi 'yarta, ta dubi Ilinca, kunya ta rufe ta.

"Me ya hana ki faɗa min?" ta tambayi Ilinca.

"Crina ta sha wuya kafin ta samu biyar ɗin nan, Tanti. Ban so a rage mata daɗinta ba."

Ranar Lahadi mun ga Tanti Veta a gaba za su gidan su Ilinca neman aure, rungume da burodin biki da ta gasa da hannunta, tana yi wa Traian faɗa wai yana tafiya kamar mara lafiya. A bakin shago wata ta yi gigin tsokanarta da zancen bakwai ɗin ƙetaren rafi.

"Je ki tambaye su ina sauran sha ukun!" Tanti Veta ta ce, ko waiwaye babu.

'Yan uwa, haƙurin Ilinca bai faɗi ƙasa ba. Kafin ku yanke wa mutum hukunci da lambar da ke manne a ƙofa, ku tambaya wa aka ƙirga, wa aka bari a waje. Tanti Veta ba ta tambaya ba, saura ƙiris ta kori wadda ta ƙi korar mata 'ya.