Muryar da Kangon Tsibiri Ya Maido

Yau ma an yayyanka wa masunci Tormod komarsa ta kamun kifi, bai san wanda ya yi ba, ga hunturu ya ƙarato, gida ba ko kifi ɗaya. Ya gangara bakin tafki cikin dare yana huci, ya fuskanci kangon mayaƙan da, can kan tsibiri. Kangon nan sau uku yake maida murya, shi ya sa tsofaffi suka hana a kira kowa a gabansa.

"Ɓarawon banza, matsiyaci! In ka haifu, fito!"

"Fito... fito... fito..."

Ruwa ya yi tsit. Sai warin taɓo ya lulluɓe shi, wani sanyi ya hura masa ƙeya. Dab da kunnensa, da muryarsa sak, aka ce, "To, na fito."