Littattafan Gonar Hajji Mitwalli

Magariba ta kawo jiki a wani ƙauye da ke gefen Fayyum. Bahiyya ta sauke tukunyar wake, mijinta Abdussattar yana tsakar gida yana ɗaure kwalaye da igiya. Littattafan gonar mahaifinsa ne a ciki, marigayi Hajji Mitwalli, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta ranar shuka da ranar girbi, da cinikin auduga, da haihuwar dabbobi. Wata jami'a ce ta roƙi a ba ta su ta adana, Insaf kuma, 'yar Bahiyya da Abdussattar, ta jera su shekara-shekara.

Sai dutse ya faɗo kan kwali. Wani ya biyo baya.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Abdussattar. Ya leƙa waje, babu kowa. Ya ɗauki dutsen, ya ji shi jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Jifan ba ya samun mutum, kwalayen kawai yake nema. Daga baya aka fara jin murya a ɗakin ajiya, tana jero sunayen shanu da dabinai da suka daɗe da mutuwa, tana tsaki bayan kowane suna. Ranar da motar jami'a za ta zo, aka tarar da Insaf zaune a kan kwalayen, ƙafafunta duk laka, idanunta a kafe. Maza uku suka kasa ɗaga ta.

Bahiyya ta fashe da kuka. "Ka ƙona takardun nan, Baban Insaf! Takarda ta fi 'yarka ne?"

Bai ƙona ba. Ya je ya ɗauko Shehi Dardiri, tsohon malamin da ya san marigayin. Shehi ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu a hankali, har inuwa ta rufe gidan. Sannan ya dubi Insaf ya ce, "Wane ne kai?"

Bakin Insaf ya buɗe, muryar tsoho ta fito, mai kauri.

"Ka tambayi littattafan mana. Kowa yana ciki. Har ɓauna Zahra tana ciki, da ranar da ta yi tari! Jaki ma an rubuta shi."

"Kai fa?"

"Ni nake juya wa Hajji Mitwalli keken ban-ruwansa idan kowa ya gaji. Shekarar fari, gonar wa ta bushe? Ta kowa, ban da tasa. Ya sani sarai. Sai ya rubuta, ‘Ruwa ya zo.’ Ya zo! Da ƙafarsa ya zo? Yanzu mutanen birni za su zauna suna yabon jaki."

"Me kake so?"

"A rubuta sunana a shafin farko. A saman na Zahra."

Shehi ya ce, "Kawo alƙalami, Abdussattar." Ya juya ga yarinyar. "Faɗi sunan. Amma ka sani, ɗalibai za su riƙa karanta shi safe da yamma. Duk wanda ya furta, ya kira ka, kuma dole ka amsa."

Hawaye suka gangaro a fuskar Insaf, ba nata ba.

Muryar ta ce, "Shi ya sa bai rubuta ba?"

"Ban sani ba. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba."

Muryar ta yi ƙasa. "To, a karanta mini su sau ɗaya a bakin ruwa. Duk inda ya ce ruwa ya zo, a ɗan dakata."

"Ka saki yarinyar tukuna, kuma ba dawowa."

"Na yi alkawari."

Insaf ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Abdussattar ya cika sharaɗin. Kullum bayan la'asar yana zuwa gindin tsohon keken ban-ruwan ya karanta, har littattafan suka ƙare. Bai taɓa lura da yawan wuraren da aka rubuta ‘Ruwa ya zo’ ba sai da ya riƙa dakatawa. A shafin ƙarshe, inda rubutun tsohon ya fara karkacewa, ya karanta ‘Ruwa ya zo’, ya dakata, ya jira. Ba abin da ya motsa. Sai ya samu kansa yana cewa, "Mun gode," ya rufe littafin ya tafi gida.