Haruffan da Suka Ƙi Sharuwa

Dab da magariba aka kira Retno zuwa wani ƙaramin asibiti a tsohuwar unguwar birnin Semarang. Ita ta rubuta musu manhajar rajistar marasa lafiya. Wai da an tambayi shekarun mutum sai manhajar ta rikice, ta yi ta maimaita tambayar, har an sallami masu jinya ba magani.

Maigadi, Baba Wagiman, ya buɗe mata ofis.

"Ki bari a yi sallah tukuna, 'yata."

"Minti biyar ne, Baba. Wani ne ya danna harafi a gurbin lamba, harafin ya maƙale a ma'ajiyar kwamfutar. Share shi kawai zan yi."

Ya girgiza kai, ya tafi alwala.

Ɗakin na warin danshi da maganin wanke rauni. Ruwa na ɗiga daga rufi. Ta ƙara wa manhajar layin umarni guda, wanda zai kwashe duk abin da ya rage a ma'ajiyar, ya nuna mata, ya zubar. Ta kunna.

Harafi ya fito. Wani ya biyo. Ta jira su ƙare. Ba su ƙare ba.

Ta cire wayar kibod ɗin gaba ɗaya.

Maɓallan suka ci gaba da nutsewa da kansu. Ƙas. Ƙas.

Ta karanta: SHEKARUNA BA SU DA LAMBA.

Ƙamshin furen da ake zubawa kan kabari ya cika ɗakin. Kujerar marasa lafiya da ke bayanta ta yi ƙara, kamar an zauna.

KULLUM INA AMSAWA. KE KIKE SHARE NI.

Wani sanyi ya kama yatsunta, ya ja su zuwa maɓallan. Ta buɗe baki, addu'a ta ƙi fita.

"Yanzu ke," aka raɗa mata a kunne. "Shekarunki nawa?"

Yatsanta ya danna biyu. Ya danna bakwai. Ya nufi maɓallin aikawa.

Wuta ta ɗauke. Baba Wagiman ne ya kashe wutar daga waje. Ya shigo yana kabbara, ya ja ta a ƙasa har bakin titi.

Asibitin ya koma rajista a takarda. Retno ta bar aikin kwamfuta, tana taya yayarta sayar da shinkafa a kasuwa. Yatsu uku na hannun damanta ba su sake lanƙwasuwa ba.

Wata huɗu ya rage ta cika shekara ashirin da takwas. Mahaifiyarta ta fara azumi, tana roƙon Allah kada shekarun su tsaya a ashirin da bakwai.