Katin da ke Ƙafar Kyanwa

Shekara ashirin Sufeto yana karɓar rahoton sata, amma bai taɓa jin ƙarar satar kyanwa ba sai ranar Talatar nan. Wadda ta kawo ƙarar tsohuwar nas ce mai ritaya, kowa Sista yake ce mata. Rigarta ta sha guga, sai dai gashin dabbobi ya manne mata ko'ina.

"Kyanwoyi biyar da karnuka biyu aka sace mini, Yallaɓai."

"Da ma nawa kike da su?"

"Arba'in da uku. Duba-gari ya ƙirga su wancan watan. Jibi zai dawo, ya ce in ya tarar ko ɗaya ta mutu, za a kwashe su duka. Ni kuma ba ni da kowa sai su."

Sajan da ke tsaye a gefe ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sufeto ya harare shi, ya ɗauki hularsa.

Tun daga bakin ƙofar gidan Sista wari ya tare su. An jera keji kan keji har a falo, kwanukan ruwa sun bushe ƙayau, karnuka kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Duk da haka suka taso da haushi kamar za su cinye mutum. Tausayi ya kama Sufeto, na dabbobin da na mai su.

A jikin kowane keji akwai kati kamar na gadon asibiti: suna, ranar da aka tsinto, maganin da ake bayarwa. Ya duba kwaɗon ƙofar baya da Sista ta ce ta nan ɓarawo ya shigo. Tsatsa ta cinye shi, ko mai makullin ma sai ya sha fama.

Sufeto ya leƙa wajen maƙwabcinta, wani tela mai saurin rantsuwa.

"Ni ko kallon gidan ba na yi, Yallaɓai. Wari ya kore mini masu kawo ɗinki."

"To wannan tsanin da ke jikin katanga fa? Rufin shago kake ɗinkewa?"

Tela ya sosa ƙeya. "Gaskiya ragowar abinci nake jefa musu. Kukan yunwarsu ba ya barina in zauna lafiya. Amma don Allah kar ka faɗa, ni na kai ƙararta wajen duba-gari."

"Satin nan ka ji sun yi wa baƙo haushi?"

"Sai ku ɗazu."

Sufeto ya rubuta: babu baƙon da ya shiga.

Ashe Sista tana da 'ya, da rana aka kira ta ofis. Ta zauna tana murza hannun jakarta.

"Kowane sati ina zuwa duba Umma."

"Wane launi ne labulen falonta?"

Falon dai ba shi da labule, kyanwoyi sun yage shi tuntuni. Sai hawaye ya zubo mata.

"Shekarata ɗaya ban shiga ba. Tun da Abba ya rasu ta fara kwaso su daga titi. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ita ba ta taɓa korar majiyyaci ba. Na saya mata babban firiji don ta riƙa ajiye abinci, amma tela ya ce mini ko girki ta daina."

Sufeto ya ajiye biro. Ya tuna ƙarar firijin da ya ji a ɗakin girki, gidan da babu ko tukunya a kan murhu.

Da la'asar suka koma tare da likitan dabbobi. Sista ta ga inda Sufeto ya nufa, ta sha gabansa.

"Babu komai a ciki, ɗana."

"Mama, ki bari in gani da idona."

Ya ɗaga murfin firijin. Ƙunshi bakwai ne a jere, kowanne an naɗe shi tsaf da farin zanen gado. Ya buɗe ƙarami. Kyanwa ce, an ɗaura mata kati a ƙafa da zare, ɗauke da sunanta da ranar da ta mutu har da ƙarfe nawa. Rubutun iri ɗaya ne da na jikin kejin.

"Ɓarawo ba ya rubuta lokaci, Mama."

Sista ta zauna a kan bokitin da ke kife.

"Haka aka koya mana. Ba a fitar da gawa babu kati." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ina ba su magani, abinci ne ya fi ƙarfina. Suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na ce in an rubuta sata ce, duba-gari zai bar mini sauran."

"Sauran ma hanyar suke bi, kin fi ni sani."

"Na sani."

Sufeto ya gaya mata laifinta, ba da rahoton ƙarya da barin dabbobi cikin wahala. Bai taɓa jin nauyin bakinsa irin na ranar ba. Sajan ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Alfarma ɗaya, Yallaɓai," in ji Sista. "Ba a barin aiki ba a miƙa shi ba."

Ya ba ta izini. Ta miƙe, ta gyara rigarta, ta ja likitan suna bin keji ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ta shan magani sai an haɗa da madara. Wancan yana tsoron maza. Wannan tsohon karen shi ta fara tsinta, a kan hanyarta ta dawowa daga asibiti ranar da mijinta ya cika, a bi shi a hankali.

Likitan yana rubutawa, Sajan da ya yi dariya da safe yana bin su da bokitin ruwa yana cika kwanuka.

Da suka kai keji na talatin da shida, Sista ta miƙa wa likitan makullan gidan.

"Na miƙa aiki," ta ce.

'Yarta, wadda ta biyo su, tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ta riƙe mata hannu har motar 'yan sanda.