Minti Hamsin Tsakanin Dushanbe da Tashkent

A filin jirgin Almaty suka haɗu, kuma da faɗa suka fara. Parvina 'yar Dushanbe ta ɗora jakarta a kan kujera, Sanjar ɗan Tashkent ya sauke ta ƙasa ya zauna.

"Tarbiyyar garinku ke nan?" ta ce.

"A garinmu mutum ake ba kujera, ba jaka ba."

Ta zabga masa hararar da ta bi shi har gida. Yadda aka yi ya samu lambarta, ni ma har yau ban sani ba.

Bayan wata uku ya rubuto mata: "Jonim, ruhina, na auna a taswira. Kilomita ɗari uku da 'yan kai ne tsakaninmu, jirgi ko awa ɗaya ba zai yi ba."

"Wane jirgin? Rabonsa da tashi tun kafin a haife ni."

Gaskiyarta. Gwamnatocin ƙasashensu biyu gaba suke yi, babu jirgi, biza kuma sai ka gaji da jira.

Da ƙyar Sanjar ya iso ta mota tare da mahaifiyarsa, ɗauke da gurasar neman aure, wadda ake karyawa in an amince. Rahmatullo, uban Parvina, ko kallonta bai yi ba.

"Ƙanwata Tashkent aka kai ta aure. Da ta kwanta ciwo kwana tara na yi ina neman biza, kabari na tarar. Ba zan ƙara ba ku mace ba."

"Baba, zan riƙe ta amana."

"Mijin ƙanwata ma haka ya ce. Ran da jirgi ya tashi daga nan zuwa garinku, ka dawo in karya gurasarka."

Kowa ya gane har abada yake nufi. Tsohon ya shiga gayyato wani likitan haƙori da yake so ya ba shi ita shan shayi, Parvina ta ƙi zuba masa. Sanjar da kishin banza ya turo: "An ce an samo mai gyara miki murmushi."

"In da 'an ce' kake aiki, kar ka ƙara rubuto min."

Wata biyar suna gaba, kowa yana ramewa a ƙasarsu.

Sai ga shi shugabannin ƙasashen sun shirya, jirgi ya dawo, daga baya aka soke biza. Sanjar ya sauke girman kai: "Jonim, na tuba. Ki tuna wa Baba maganarsa."

Tsohon ya ce shi ba ya yarda da labarin rediyo. Ya hau jirgin da kansa, ido a kan agogo, ya ziyarci kabarin ƙanwarsa, ya dawo a ranar.

Da baƙin suka sake zuwa, ya karya gurasar fuska a murtuke.

"Minti hamsin ne. Ko ciwon kai ta yi ba ka kira ni ba, kafin ka ƙirƙiro ƙaryar da za ka yi min ina ƙofarka."

Ranar biki, tsohon ya ɗaga hannu ya sa musu albarka.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Allah kar Ya sa in sake makara."